Ƙyaftau, Madubin da Sufyanu Ya Sunkuyar

Sufyanu dai ɗan masunta ne, jikan masunta, amma ko kwalekwale ya gani a ɗaure bakin gulbi sai ya ja da baya. An haife shi wani ƙauye na bakin ruwa can ɓangaren Ngaski, inda yaro ke iya iyo tun bai iya ɗaure wando ba, shi kuwa Allah ya zuba mashi tsoron ruwa kamar akuya. Ubanshi ya yi duka, ya yi rubutun sha, har cilla shi ya taɓa yi daga cikin jirgi wai tsoron ya fita. Ina! Tsamo shi anka yi kamar tsumma, ya yi kwana uku yana zazzaɓi. Innarshi ta ce, "Malam, wanga ɗa ba na ruwa ba ne, ka bar min shi da ranshi." Tun daga ranar sunanshi ya koma Na-Tudu, kuma a garin masunta wannan zagi ne da anka sa ma hula.

Yana shekara goma sha ɗaya anka ɗora shi mota zuwa Yelwa, wurin Baba Tanimu mai gwangwani, wanda rumfarshi ke bayan tashar 'yan kabu-kabu. Baba Tanimu gajeren mutum ne mai faɗan tsiya, kunnenshi guda ƙarar guduma ta riga ta kashe. Da ƙotar guduma yake koyarwa. Amma shi ya ciyar da Sufyanu, shi ya koya mashi yanka gwangwani da liƙi da dalma, da ƙera mazurari da aci-balbal da murhun gawayi. Shi ya je ya nema mashi auren Mardiya, ranar da ya yaye shi kuma almakashin hannunshi ya ɗauka ya ba shi. Har yau da furfura ta fara leƙo ma Sufyanu a gemu, in zai gaida tsohon sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa, kuma bakinshi bai taɓa furta "Tanimu" ba. Haka 'yan sana'ar suke, ko jikoki gare ka kai yaro ne gaban wanda ya riƙa maka hannu.

Rayuwa na tafiya ba yabo ba fallasa. Rumfarshi daban, 'ya'ya huɗu, tuwo bai yanke ba. Sai dai in ya je gida da salla, maza su zauna ana hirar giwar ruwa da taru da iska, shi yana gefe kamar baƙon da ya ɓata hanya. Ba mai tambayarshi komai sai, "Na-Tudu, butata na yoyo."

Sai shekarar da jirgi ya kife da yayarshi Binta.

Lokacin da anka yi madatsar Kainji, ruwa ya haɗiye garuruwa da gonaki da itatuwansu tsaye. Gidajen ƙasa sun narke, itatuwan kuwa suna nan ƙasa daram. In ruwa ya fara ja baya sai kawunansu su matso dab da sama, kai ba ka ganinsu, su suna jiranka. Masu jirgi kan ɗaura baƙar jarka don alama, amma da rana tsaka, ruwa na walƙiya ko'ina, wa ke ganin baƙar jarka kafin ya hau kanta? Ranar kasuwar Wara ce, jirgin inji ya ɗauko mata da kwandunan kifi banda, ya daki kututture, cikinshi ya tsage. Mutum bakwai ruwa ya ci. Sufyanu na ƙauyen ranar. Maza sunka yi ta faɗawa ruwa suna lalube, shi yana tsaye bakin gaɓa, ruwa bai kai mashi idon sawu ba, ƙafa ta ƙi gaba. Wani ya ture shi da kafaɗa ya ce, "Matsa ka ba maza wuri." Sai washegari anka samo Binta.

Bai yi ma kowa maganar ba, ko Mardiya. Abin da anka gani kawai, bayan sadakar arba'in ya fara bin 'yan kabu-kabu yana roƙon fasassun madubansu. Su kuma da bakin tsiya, "Malam Sufyanu, kwalliya za a fara da tsufa?" Ya yi murmushi ya zuba a aljihu. Tunaninshi ya jera maduban a wuyan jarka, a ɗaura kan kututture, rana ta daka, mai jirgi ya hango tun daga nesa.

Ka ji kamar abu mai sauƙi ko? Shekara uku ya ci mashi.

Tunda shi ba ya shiga ruwa, sai ya lallaɓi Hussaini, abokin ƙuruciyarshi mai tuƙa jirgin inji. Duk Juma'a bayan masallaci Hussaini ya ɗauki jarka ya kai tsakiya ya ɗaura, ya ja baya, ya riƙa kwarara ihu.

"Ban ga komai ba, Na-Tudu!"

"Koma gabas kaɗan!"

"Gabas ɗin uwaka! Na ce ban ga... Wayyo idona! Ka makantar da ni, ɗan banza!"

Matsalar ke nan. In madubi ya kalli sama, hasken sama yake komawa, tsuntsaye kuma su mai da shi masai. In ya tsaya ƙyam, ko dai ba a ganin komai, ko ya soki idon matuƙi har ya kasa ganin gabanshi, ka ga an gudu ba a tsira ba. Ya yi mai madubi huɗu, ya yi mai takwas, ya yi mai juyawa kamar fanka, ruwa ya ci fentin bayan maduban duk sunka yi baƙi. Baba Tanimu ya zo wucewa wata rana, ya ɗaga abin ya juya shi, ya yi tsaki.

"Kai dai wahala ta aure ka. Madubi sama shika kallo, in ba haka ba mi za shi gani? Tashi ka liƙe ma mutane butocinsu."

"To, Baba," in ji Sufyanu.

Wurin wanke-wanken Mardiya abin ya zo. Da la'asar ce, ta jingina farantin silba jikin turmi, ya ɗan rusuno kan bahon ruwa. Sufyanu na shigowa ya ga haske na rawa a fuskar farantin, a hankali, ba ya cizon ido. Ya matsa dama, yana nan. Ya matsa hagu, yana nan. Ya tsuguna, yana nan.

"Mardiya, kar ki taɓa farantin nan!"

"Au, yau kuma farantina za a ci? Ka gama da silifan yara, ka gama da jarkar manjana."

Ashe abin da ake so madubi ya bar rana ya kalli ruwa, ya ɗauki ƙyallin da ruwa ke yi. Sunkuyon ma ba kowane ba. In ya yi yawa gindin jarka kawai yake gani, in ya yi kaɗan ya koma sukar ido. Wata biyar Sufyanu ya yi yana yanka tsofaffin silifa yana cusawa bayan madubi, Hussaini na zaginshi daga tsakiyar gulbi, har ranar da Hussaini ya yi shiru. Can ya ɗago filafilin tuƙi sama ya ce, "Kai! Na-Tudu! Shegen ƙyafta min ido yake!"

Daga nan sunan ya fito, Ƙyaftau. Madubi shida a wuyan jarka, kowane a sunkuye, da 'yar hular gwangwani a kai don tsuntsu da ruwan sama. Igiyar ruwa na kaɗa shi, yana ƙyaftawa, tun daga nesa mai yawa.

A nan ne fa rayuwar bawan Allahn nan ta ɗan yi gishiri. Masu jirgi sunka fara cewa "Ƙyaftau na Sufyanu", da sunanshi na yanka. Sarkin Ruwan garinsu ya aika a kira shi, anka shimfiɗa mashi tabarma cikin manya, anka tambaye shi, shi, mai tsoron ruwa, wai wane kututture ya kamata a fara ɗaura ma. Ya dawo gida ranar ya ci tuwo malmala uku, Mardiya na kallonshi tana dariya.

Esther ce ta kawo maganar takarda. Ɗiyar Laraba ce mai sayar da banda, ta yi karatun lauya, tana aiki Birnin Kebbi. Uwarta na ƙetare ruwan nan kowane mako, shi ya sa abin ya shiga ranta. Ta zo rumfa ta tsuguna da takalminta mai tsini, ta duba abin sama da ƙasa.

"Kawu, kar ka ƙara ba kowa sai mun yi rajista. Akwai takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙirƙiro abu. In kana da ita, ba mai ƙera irinshi sai ya nemi izininka."

"Ni wa zan hana, 'yar Laraba? Abin ceton rai?"

"Ban ce ka hana ba. Na ce a san naka ne."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kama shi. Esther ta yi zane, ta auna sunkuyon da wani abin awo, ta yi ta zirga-zirga, ranar nan sai ga takarda mai jan hatimi. Shi bai iya boko ba, sai ta ɗora mashi yatsa kan layin ta karanta sunanshi da na ubanshi. Ya ce ta sake. Ta sake. Mardiya ta naɗe takardar a leda biyu ta sa ƙasan kwallarta ta aure.

Ba a yi shekara ba, wani mutum mai farar mota ya zo ya sayi guda biyu, ya yi ta sa albarka. Bayan damina sai ga Ƙyaftau na roba, mai launin ruwan lemo, buhu-buhu a kasuwar Yauri, da sunan wani kamfanin roba na Kaduna a jikinshi. Madubi shida, hula a kai, sunkuyon nan sak, ko kunya babu. Esther ta rubuta masu wasiƙa cikin mutunci. Su kuma maimakon su amsa, sai sunka kai ƙara kotu wai a soke takardar gaba ɗaya.

Kun san hujjarsu? Wai madubi tun kaka da kakanni an san yana mai da haske, jarka kuma tun da anka ƙera ta take iyo, don haka haɗa su ba wata basira ba ce, duk mai sana'ar da ya zauna zai yi. Mtsw. To uban wa ya hana su zama tun da?

Esther ta zaunar da shi ta yi mashi bayani dalla-dalla. Ta ce doka ba ta ba mutum takarda kan abin da ke a fili, wanda kowane gwanin sana'ar zai gano in ya sa kai. Ta ce su za su kawo littattafai su nuna akwai alamun ruwa masu ƙyalli a wasu ƙasashe, ita kuma za ta tsaya kan sunkuyon, don babu shi a littafin kowa.

"Duk shari'ar nan, Kawu, tambaya guda ce. Wani gwanin mai gwangwani zai iya gano sunkuyon nan cikin sauƙi, ko ba zai iya ba? In alƙali ya ce zai iya, takarda ta mutu."

Sai ta fara koya mashi magana, abin dariya abin tausayi.

"Wa ya ƙirƙiro Ƙyaftau?"

"Allah ne ya nufa."

"Na sani Allah ne, ta hannun wa?"

"To... an dai yi ta gwadawa."

"Wa ya yi ta gwadawa? Aljanu? Kawu, ka ce ni!"

Mardiya daga bakin murhu ta ce, "Ki bar shi, Lauya. Mutumin da ko tuwo ya ƙoshi sai ya ce an ƙoshi."

Da ƙyar da siɗin goshi ya iya cewa "ni na yi" ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Shekara guda da rabi ana zuwa Birnin Kebbi ana ɗagawa, yau alƙali ya yi tafiya, gobe lauyan kamfani bai da lafiya, shi dai ya rufe rumfa ya shiga mota ya dawo da ciwon baya. Har anka sa ranar da zai ba da shaida.

Da safiyar ranar ya iso tasha, sai ga Baba Tanimu zaune kan benci da babbar riga tana ƙanshin kafur, da sanda, da goro a leda.

"Yau yarona za shi tsaya gaban alƙali, in zauna gida? Tashi mu tahi."

Esther na ganin tsohon a bakin kotu sai ta ji zuwanshi bai kwanta mata ba, ita ma ba ta san dalili ba. Ta ja Sufyanu gefe ta ce ko Baba zai jira a inuwa. Ya kalle ta kamar ta ce ya mari uwarshi. Haka tsoho ya shiga ya zauna layin gaba, ya juyo da kunnenshi mai ji.

Da fari abin ya tafi daidai. Sufyanu ya rantse da Alƙur'ani, Esther na tambaya, yana amsawa, tafinta na juyawa. Ya faɗi shekara uku, ya faɗi faranti da baho, ya faɗi silifa, har alƙali ya yi murmushi. Ya ce "ni na yi" sau biyu, a hankali dai, amma ya ce.

Sai lauyan kamfani ya tashi, Barista Nasiru, dogo, mai sanyin murya. Tun da safe anka ga ya je ya rusuna ya gaida Baba Tanimu, ya tambayi wane ne, don shi ma an ce gidan maƙera ya fito. Ga littattafai jibge gabanshi, bai taɓa ko guda ba. Ya roƙi alƙali ya bar shi ya yi tambaya da Hausa.

"Malam Sufyanu, sannu da ƙoƙari. Allah ya saka."

"Amin."

"Wa ya koya maka sana'a?"

"Ga shi nan zaune."

"Gwani ne?"

"Duk ƙasar Yauri babu kamarshi."

Baba Tanimu ya gyara zaman rigarshi.

"Madalla. To a sana'ar nan, akwai abin da ka sani wanda shi bai sani ba?"

Esther ta miƙe ta yi magana da Turanci da sauri, alƙali ya ce ta zauna, a amsa. Sufyanu ya kalli Esther, tana mashi ido kamar za su faɗo. Ya kalli tsoho, tsoho ya kafa hannu bayan kunne yana jira, fuskarshi fal fara'a, ga mutane cike da ɗaki. Mutumin da ya ba shi tuwo shekara goma sha huɗu.

"Subhanallahi," ya ce. "Ni wa? Babu."

"To da a ce shi ne ya zauna da madubi da jarka yana neman yadda zai yi alamar kututture, zai gano sunkuyon nan?"

"Baba? Ai kwana guda ya ishe shi."

"Kwana guda. Kai kuma shekara uku."

"Kaina ne da kauri, ranka ya daɗe. Tun ina yaro yake faɗi."

Anka yi dariya a kotu, har da Baba Tanimu, yana gyaɗa kai. Barista Nasiru bai yi dariya ba. Ya jira tafinta ya gama juyawa, ya jira alƙali ya gama rubutawa, sannan ya ce ba shi da sauran tambaya.

Esther ta tashi. "Kawu, ka natsu. Baba ya taɓa ƙera irin wannan abu?"

"Bai samu sukuni ba ne. Aiki ya yi mashi yawa."

"Ya taɓa ce maka ka sunkuyar da madubi?"

Ya sake kallon tsoho. Ka ce a'a, ka tona cewa tsoho ya ce madubi sama shika kallo? Gaban jama'a?

"Duk abin da hannuna ya iya," in ji Sufyanu, idonshi a ƙasa, "daga wurinshi ne."

Kuma abin haushin, wallahi har cikin zuciyarshi bai ɗauka ƙarya ya yi ba.

Da anka tashi hutun azahar, Esther ta fito ta jefar da hular lauyanta kan benci, ta durƙusa gaban tsohon nan cikin rana, ta ɗaga murya saitin kunnenshi ta gaya mashi abin da ya faru. Ta ce maganar da ya ji daɗinta ita ce ta yanka takardar. Ta ce saura hanya guda, ta roƙi alƙali ya bari shi Baba ya tsaya ya faɗi gaskiya, cewa ya ga abin ya yi tsaki, cewa ko shekara goma anka ba shi ba zai sunkuyar da madubi ba.

Fara'ar ta zube daga fuskar tsoho. Ya daɗe yana murza goro a hannu bai kai baki ba.

"Ɗiyata, gaskiya kinka hwaɗi, ni ban gano shi. Har gobe ban san yadda anka yi shi ba." Ya nuna ƙofar kotu da sanda. "Amma yaron ga ya dahwa Alƙur'ani ya ce ina iyawa. In shiga in ce ban iyawa, na mai da shi mi? Maƙaryaci gaban alƙali, da bakina? Shi ya ruhwa min asiri, ni in tona nashi?"

"Baba, sunanshi ne zai tafi!"

"Na ji. Kunnen ga guda na ji da shi."

Ya juya ya kalli Sufyanu da ke tsugune gefe ba takalmi. "Kai kuma dan ubanka, wa ya aike ka? Da ka ce ka hi ni, mutuwa zan yi?"

"A gafarce ni, Baba."

Ka ji fa. Haƙuri ma ya ba da. A mota da za su koma, sun kai wajen Koko sai tsoho ya miƙa mashi rabin goro, ya karɓa da hannu biyu.

Bayan wata huɗu anka yanke hukunci. Alƙali ya yaba ma Sufyanu, ya ce abin da ya yi alheri ne ga jama'a, amma ya duba littattafan da anka kawo, ya kuma duba maganar mai abin da kanshi, wanda ya shaida cewa gwanin sana'ar zai gano shi a kwana guda. Don haka abin a fili yake, takarda ta soku. Esther ta ce ana iya ɗaukaka ƙara, amma ta faɗa mashi gaskiya, abin da ya faɗa an rubuta, duk kotun da sunka je yana can yana jiransu. Ya ce a bar shi. Mardiya ta yi kwana biyu ba ta yi mashi magana ba, rana ta uku ta fashe.

"Mutum ya wahala shekara uku, ya cinye min faranti, a tambaye shi ya ce kanshi ne da kauri! Ai kuwa da kaurin! Da ni anka tsayar, wallahi sai na ce ko kakan Baba bai iyawa!"

Ya sa takalmi ya nufi rumfa.

Yanzu in ka shiga jirgi daga Yauri ka gangara, za ka gansu jere, ruwan lemo, suna ƙyaftawa. Suna aiki, ba a ce ba su yi. Na gwangwanin Sufyanu tsatsa na cinye su ɗaya bayan ɗaya, ba mai zuwa neman sabo tunda ga na roba a kasuwa. Hussaini kaɗai ya rage yana faɗa da mutane a bakin gaɓa kan sunan, har an fara ce mashi mai taɓin hankali. Sauran duk "na kamfani" suke cewa.

Kwanan baya wani mai jirgi daga wajen Shanga, baƙo, ya zo rumfar da guda a hannu, madubi biyu sun ɓalle. Mardiya na nan ta kawo abincin rana.

"Salamu alaikum. An ce min kai ma ka ɗan iya gyaran irin na kamfanin nan."

Mardiya ta dire kwano har miya ta fantsama. "Ya ɗan iya? Kai Malam, ka san ko da wa kake..."

"Mardiya," in ji Sufyanu. Ta haɗiye sauran, ta juya baya tana huci.

Ya karɓi abin ya juya shi, ya sa babban yatsa ya shafa gurbin da madubin ya fita. Ya jawo gwangwanin da yake tara fasassun madubai ya fara zaɓe.

Baƙon ya tsuguna yana kallo, ya girgiza kai. "Amma mutanen Kadunan nan Allah ya ba su kai. Shekara talatin ina kan ruwa, ubana ma haka, ba wanda ya taɓa tunanin a kifar da madubi ya kalli ƙasa. Ko kai da kake sana'ar, da ka yi tunanin haka?"

Sufyanu ya buɗe baki. Mardiya ta juyo tana kallonshi, hannu a ƙugu. Ya dubi madubin da ke hannunshi.

"Riƙe min nan," ya ce ma baƙon. "Kar ka motsa, in ya karkace ba za ka gan shi ba."